Zanen Fiksel Na Wasan Gem: Waya Ta Isa, Saura Zama A Kai Kullum

Duk wanda ya taɓa buga wasan maciji a Nokia 3310, ko ya tsaya a bayan yayansa yana jiran a ba shi ya ɗana, ya san zanen fiksel ko da bai san sunansa ba. Fuskar wayar nan ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye, kuma a wannan ɗan filin aka cusa maciji da abincinsa da lissafin maki. Fiksel shi ne ɗan ƙanƙanin murabba'in da idan an jera dubbansa suke haɗuwa su ba da hoto a fuskar waya ko kwamfuta. Zanen fiksel kuwa shi ne wanda mai zane ke ajiye ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, kowanne da dalilin ajiye shi.

Ko ƙaramar wayar Android ta yau tana da fiksel kusan miliyan guda ko fiye, amma salon bai mutu ba. Da shi aka yi Stardew Valley da Terraria da Undertale da Celeste, kuma biyun farko suna nan a Play Store. Wannan ne ke jan matasa da dama masu burin haɗa nasu wasan. Suna kallon zanen su ga ai 'yan murabba'ai ne kawai, yaro ma zai iya. Sai a sauke manhaja, a ƙona data a YouTube ana kallon gwanaye, a buɗe ƙaton fili a fara zana jarumi da takobi da alkyabba. Abu ya fito kamar mota ta taka kwaɗo. A ɗora wa manhajar laifi, a sauke wata. Bayan mako biyu an goge duka, an kuma yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko dai babu baiwa, ko kuma sai ranar da aka sayi laftof.

Duk hukuncin biyu kuskure ne. Abin da ke raba wanda ya iya da wanda ya watsar shi ne zana ƙaramin abu a gama shi, yau da gobe, sannan a dawo kan tsohon a sake shi. Labarin mutumin da ya yi Stardew Valley ya isa hujja.

Eric Barone, wanda aka fi sani da ConcernedApe, ya gama karatun kimiyyar kwamfuta a reshen Jami'ar Washington da ke Tacoma a Amurka a 2011, ya nemi aiki bai samu ba. Sai ya fara haɗa wani wasan noma irin Harvest Moon da yake so tun yana yaro, da niyyar ƙara gogewa a rubuta manhaja ko ya samu ɗauka. Yana yi yana aikin wucin gadi na raka 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasa a Seattle. Shi ya rubuta manhajar, shi ya tsara kiɗan, shi ya rubuta labarin, shi ya yi zanen, kuma bai fara a matsayin gwanin zanen fiksel ba. Manhajar da ya yi zanen da ita Paint.NET ce, wadda kyauta ake sauke ta. Aikin ya ci kimanin shekara huɗu da rabi kafin wasan ya fito a Fabrairun 2016. Cikin wata biyu ya sayar da sama da kwafi miliyan 1, kuma zuwa ƙarshen 2024 adadin ya haura miliyan 41.

Miliyoyin ne ke ɗaukar hankali, amma darasin yana cikin fuskokin mutanen garin da ke wasan. Tsofaffin hotunansu na shekarun farko suna nan a intanet, kowa zai iya nemowa ya ajiye su gefe da na ƙarshe. Na farkon, idanu sun karkace, fata ta yi fayau kamar an shafa fenti, inuwa ba ta san inda haske yake ba. Barone ya sake zana fuskokin nan sau da dama, domin duk lokacin da hannunsa ya ƙara faɗawa sai tsohon aikin ya daina yi masa kyau. Manhaja ɗaya, mutum ɗaya, fuska ɗaya. Abin da ya canja tsakanin hoton farko da na ƙarshe shi ne yawan zaman da ya yi a kai.

Me ya sa ƙarami ya fi koyarwa

Lissafin mai sauƙi ne. Fili mai ɗigo 16 a kwance da 16 a tsaye yana da ɗigo 256. Mai 32 sau 32 yana da 1,024. Mai 64 sau 64 yana da 4,096, shi kuwa 128 sau 128 da sabon shiga ke son buɗewa yana da 16,384. Tunda kowane ɗigo shawara ce da mai zane zai yanke, wanda ya buɗe babban fili ya ɗora wa kansa shawara dubu goma sha shida alhali bai iya yanke ɗari biyu ba tukuna. Zai yi kwana uku a kan zane ɗaya, ya gaji, ya bar shi ba kai ba gindi. Wanda ya tsaya a 16 sau 16 zai gama kofin shayi ko makulli ko fitila cikin minti ashirin, ya ga inda ya kuskure, gobe ya gwada wani. A wata guda ɗaya yana da zane talatin, ɗayan yana da rabin jarumi.

Ƙuncin fili kuma shi ke tilasta tunani. Lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya zana mutumin da ya zama Mario, a wasan Donkey Kong na 1981, ɗigon da yake da su ba su isa a fitar da baki ba, sai ya sa masa gashin baki, wanda kuma ya sa hancin ya fito. Gashin kai zai buƙaci a riƙa motsa shi idan mutumin ya yi tsalle ko ya faɗi, sai ya kifa masa hula. Don a ga hannu yana motsi, sai ya ba shi riga da wando masu launi daban. Fuskar da duniya ta fi sani a wasan gem, matsi ne ya haife ta. A Super Mario Bros. na 1985 launi uku kacal ke jikin Mario, gudunsa hoto uku ne ake juyawa, kuma gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya don a rage cin wuri. Wasan gaba ɗayansa kimanin kilobayit 40 ne, bai kai hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba.

Haka Susan Kare, wadda ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984. A littafi mai layin murabba'ai ta fara, tana cike gidaje da alƙalami a fili mai 32 sau 32, baƙi da fari kawai, kuma ta sha kwatanta aikin da ɗinkin ado na zare da allura. Wannan kwatancen ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ko mai saƙar tabarma. Adon na fitowa ne daga ƙananan gidaje masu launi, kuma gida ɗaya da ya kauce, ido zai gano shi daga nesa. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. A fuska mai ɗigo takwas, matsar da ɗigo ɗaya na iya mayar da murmushi ya koma harara.

Ba kowane zama ne ke ƙara iyawa ba

Akwai maganar da ta yaɗu cewa awa 10,000 ke sa mutum ya zama gwani. Ta shahara ne daga littafin Outliers na Malcolm Gladwell na 2008, wanda ya ɗauko ta daga binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗalibai masu koyon goge irin na Turawa a Berlin. Shi kansa Ericsson bai gamsu da yadda aka fassara aikin nasa ba. Abin da ya fi jaddadawa shi ne irin atisayen: mutum ya ware abin da bai iya ba, ya yi aiki a kansa da gangan, ya samu mai nuna masa kuskure, ya gyara. Wanda ya zana zuciya ja sau ɗari uku a hanya ɗaya ya gwanance a zana wannan zuciyar ne kawai.

To mene ne abin da ake warewa a zanen fiksel? Na farko layi. Layin da ya karkata a kan murabba'ai matakala ce, kuma ido na son matakalar da ke da tsari: biyu, biyu, biyu, ko kuma idan lanƙwasa ce, huɗu, biyu, ɗaya, tana raguwa a hankali. Da zarar an yi uku, ɗaya, uku, layin zai yi kamar haƙoran zarto. Sabon shiga ba ya ganin wannan sam. Sai ya zana da'ira ashirin ko talatin kafin wata rana idonsa ya buɗe, daga nan kuma ba zai sake iya kau da kai daga ita ba, ko a zanen wani.

Sai inuwa, wadda ta fi kayar da mutane. Kusan kowane mai koyo yana fara wa da duhunta gefen abu ta ko'ina, ya bar tsakiya da haske, sai tulu da dutse da fuskar mutum duk su kumbura kamar matashin kai. Maganinsa a yanke shawara tun farko daga ina haske ke zuwa, a ce daga sama ta hagu, a tsaya a kan hakan a duk zanen. Akwai kuma dabarar da ke sa launi ya rayu: maimakon a ƙara baƙi don yin inuwa, a karkata launin zuwa shuɗi ko shunayya, wurin haske kuma a karkata shi zuwa rawaya. Ganyen da inuwarsa ta ɗan yi shuɗi, haskensa ya ɗan yi ruwan ɗorawa, ya fi kama da ganye a kan wanda aka yi wa kore mai duhu da kore mai haske. Karanta wannan minti ɗaya ne. Hannu ya saba da shi kuwa sai an ɓata ganye da yawa.

Yawan launi ma tarko ne. Manhaja za ta ba da miliyoyi, mai koyo ya ɗebi arba'in a zane ɗaya ya rasa inda ya dosa. Game Boy da ya fito a 1989 launi huɗu ne da shi a fuska mai 160 sau 144, kuma a kansa aka yi Pokémon na farko. Shafin Lospec yana da tarin jerin launuka da gwanaye suka haɗa, daga masu huɗu zuwa masu talatin da biyu da sama, kyauta. Wanda ya zaɓi jeri ɗaya mai launi huɗu ko takwas ya yi wata guda bai canja ba zai koyi abin da wanda ke yawo a cikin miliyoyi ba zai koya ba a shekara.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a cike zanen gaba ɗaya da baƙi, a duba ko har yanzu za a gane akuya ce ko kare. Idan surar ba ta fito ba, babu adon da zai cece ta.

Sannan a dawo baya. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne na Barone. A adana kowane zane da kwanan watan da aka yi shi, har waɗanda suka ba da kunya. Bayan mako huɗu a ɗauko na ranar farko a sake zana shi daga tushe, a jera su. Ci gaban yau da kullum ba ya ganuwa, shi ya sa mutane ke karaya suna zaton a wuri ɗaya suke. Zane biyu a jere ne kaɗai ke nuna gaskiya, kuma idan babu bambanci, shi ma labari ne mai amfani: ana maimaita abin da aka riga aka iya ke nan, lokaci ya yi da za a taɓo wanda ake gudu, ko hannun mutum ne ko ruwa ko tafiya.

Batun kayan aiki

Manhajar da ƙwararru suka fi amfani da ita a kwamfuta ita ce Aseprite, kuɗinta kusan dala 20. Akwai LibreSprite da Piskel na kyauta. A waya akwai Pixel Studio da Pixilart da dotpict. Ita dotpict, wadda aka yi a Japan, ta warware matsalar yatsa da ke rufe wurin da ake zanawa: ana jan ɗan alƙalami ne a kan filin, sannan a danna maɓalli a ƙasa ya ajiye ɗigo. Ko wacce aka ɗauka cikin ukun ta isa shekarar farko.

Gaskiya ne waya tana da iyaka. Idan aiki ya kai ga motsi mai hoto da yawa, ko shirya ɗaruruwan fayil na cikakken wasa, linzami da faffadar fuska sun fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai a matakin koyo waya na da wata fa'ida da kwamfuta ba ta da ita: tana cikin aljihu. Zanen 16 sau 16 ba ya cin data, ba ya shan caji kamar bidiyo, ba ya jiran a kawo wuta. Ana iya yin sa a layin banki ko a cikin mota. Minti ashirin ɗin da atisayen ke buƙata, TikTok na cinye ninkinsa kafin a ankara. Wanda ya rasa abin zanawa kuma, akwai Pixel Dailies da ke ba da jigo ɗaya kowace rana, masu zane daga ƙasashe daban-daban su yi su ɗora. Ko ba wannan, abin da ke gaban mutum ya wadatar: buta, kwanon sha, a-daidaita-sahu, fitilar caji. Waɗannan ma sun fi takobi da dodo amfani, domin ana iya kallon na gaske a ga inda haske ya sauka a kansa.

Darasin kallo kuwa a yi masa ƙaida. Pedro Medeiros, ɗan Burazil da ke cikin waɗanda suka yi zanen Celeste, ya fitar da gajerun darussa masu motsi da yawa kyauta, kowanne a kan abu ɗaya, kamar wuta ko hayaƙi ko gudu. Hanyar cin moriyarsu ita ce a kalli ɗaya a rufe, a yi kwana biyu ana gwadawa. Kallon goma a jere yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kuma wannan jin ya fi rashin sani haɗari.

Zane sai ya shiga wasa

Zanen wasa yana da bambanci da zanen da za a ɗora a samu yabo. Tayil ɗin ciyawa na iya yin kyau shi kaɗai, amma idan an jera hamsin a fili sai layin haɗinsu ya fito kamar darduma. Jarumi na iya burgewa a farin fili, ya ɓace idan an sa shi gaban daji. Tafiya ta fuska huɗu, kowace da hoto huɗu, zane 16 ke nan na mutum ɗaya, kuma dole kansa ya zama girma ɗaya a dukkansu. Ba a gane waɗannan sai an sa zanen ya motsa. Godot da GDevelop, manhajojin haɗa wasa, duk suna da nau'in da ke aiki a Android, don haka ko wannan gwajin bai gagari mai waya ba.

Celeste kanta daga ƙaramin abu ta taso. Maddy Thorson da Noel Berry sun yi ta farko cikin kwana huɗu a 2015 a kan PICO-8, wata manhaja da ta taƙaita mai aiki ga fuska mai 128 sau 128 da launi 16. Babbar da ta fito a 2018 ta ci kyaututtuka, ita ma 320 sau 180 ce kawai. A shafin itch.io ana shirya gasar haɗa wasa cikin 'yan kwanaki kusan kowane lokaci, wasu da sharaɗin ƙunci da gangan: GBJam na bin ƙa'idar Game Boy ta launi huɗu, LOWREZJAM kuma ba ta yarda a wuce 64 sau 64 ba. Wa'adi na tilasta a gama, baƙin da za su buga wasan kuma ba sa jin kunyar faɗin cewa ba su gane ƙofa daga bango ba. Abokai a guruf za su turo alamar wuta da tafi, wanda ke da daɗi amma ba ya gyara layi.

To, ba ga AI ba?

Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Manhajojin ƙirƙirar hoto na iya fitar da abin da ya yi kama da zanen fiksel cikin daƙiƙa kaɗan, kuma suna ƙara kyau. Idan an zuƙo hoton kusa, sau da yawa za a tarar kallon kitse aka yi wa rogo: ɗigon ba girmansu ɗaya ba, ba su zauna a kan layin murabba'ai ba, launuka sun yi ɗaruruwa, kuma idan an nemi mutum ɗaya ya juya baya sai rigarsa ta canja. Mai yiwuwa a magance wasu daga cikin waɗannan nan gaba. Ko an magance, wanda zai duba ya ce wannan inuwar ta saɓa wa waccan, ko jarumin nan zai ɓace a wannan dajin, sai mai idon da ya horu. Wanda bai taɓa gyara layinsa ba, ba zai ga karkacewar na na'ura ba, zai karɓi duk abin da ta miƙo masa.

Batun kuɗi ma a faɗe shi yadda yake. Wasanni dubbai ke fitowa a Steam kowace shekara, mafi yawansu ba sa mayar da wahalar da aka sha. Barone ya yi shekaru yana aiki awa goma a rana, budurwarsa na ɗauke da kaso mai yawa na hidimar gida, kuma da wasan bai karɓu ba da babu mai jin labarinsa. Matashin da zai bar makaranta ko sana'a don ya kwaikwayi wannan ya ɗauki ɓangaren labarin da bai kamata ba. Daisuke Amaya na Japan ya fi dacewa da mai karatu ko mai aiki: a lokacin hutunsa ya yi Cave Story, cikin shekara biyar, yana ɗalibi sannan yana ma'aikaci, ya sake shi kyauta a 2004. Masu zanen fiksel na samun aikin kwangila, wasu na sayar da tarin zanensu ga masu haɗa wasa a itch.io, amma mai saye zane yake dubawa, kuma tarin da zai sa ya biya ba a mako ɗaya ake haɗa shi ba.

Saura wani abu ƙarami da ke ɓata wa masu farawa rai ba tare da sun san dalili ba. Zanen 32 sau 32 idan an tura shi yadda yake, waya za ta buɗe shi ta dama gefunansa ya yi dishi-dishi, WhatsApp kuma ya matse shi ya ƙara lalata launin. A fitar da shi a matsayin PNG, kada a yi JPEG. A ninka girmansa da cikakkiyar lamba, kamar sau 10 ko sau 20, ta yadda 32 zai koma 320 ko 640 kowane ɗigo na nan da kaifinsa. Idan ta WhatsApp za a aika wa wanda zai duba ya faɗi gaskiya, a tura shi ta wurin da ake tura takardu maimakon wurin hotuna, sannan a ajiye ainihin ƙaramin fayil ɗin da kwanan watansa, domin shi za a buɗe bayan mako huɗu.